Haɓar gidan Malam: shirin da nake yi kafin a yi mini aikin muƙamuƙi

Ni tela ce, shekarata 27, a cikin birnin Kano aka haife ni, a nan nake ɗinkina, kuma tun da na fara taka keke ban taɓa yanke zare da haƙori ba. Duk wadda ta zauna a shagon ɗinki ta san yadda ake yi: in almakashi ya ɓuya a ƙarƙashin ƙyallaye, sai a kai zaren baki a datse. Ni in na kai, sai dai ya jiƙe da yawu ya fito lafiyarsa ƙalau, domin haƙorana na gaba ba sa haɗuwa. Na ƙasa sun wuce na sama, sun tsaya a gabansu, ga fili a tsakani. Shi ya sa kullum akwai ɗan almakashi rataye a wuyana da igiya.

Haka na tashi. Muƙamuƙina na ƙasa ya fi na sama tsawo, haɓata ta yi gaba, tsakiyar fuskata kuma ta ɗan shige ciki. A danginmu ba baƙon abu ba ne. Kakana na wajen uba, Malam, haka yake, hotonsa na nan a ɗakin Hajiya kakata. Baba ya ɗauko kaɗan, gemu ya rufa masa asiri. A cikin 'ya'yansa ni ce na kwaso ta gaba ɗaya. "Haɓar gidan Malam" ake cewa a cikin dangi, da alfahari ma. A makaranta ba da alfahari ake faɗa ba, amma ba zan tsaya lissafa sunayen da aka laƙaba mini ba. Yara yara ne, kuma ba su suka kai ni asibiti ba.

Cin abinci ne ya kai ni. Rake sai an fere mini an yanka ƙanana. Masara gasasshiya sai na ɓarje ta da yatsa. Tsire da kilishi sai na yayyaga da hannu na tura gefen baki, domin duk aikin tauna turamen can baya ne ke yi, su ma ba duka ke haɗuwa ba. Rabin abin da nake ci haɗiya nake yi ba tare da ya taunu ba, kuma a gidan biki ban cika taɓa nama ba, sai na ce na ƙoshi. Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai a Islamiyya. Mu Hausawa da leɓe biyu muke furta "fa", to amma a tajwidi fa'un tana fitowa ne in haƙoran sama suka sauka a kan cikin leɓen ƙasa. Nawa haƙoran sama ba sa kaiwa leɓen, sai na ja haɓa baya da ƙarfi. Sinun da sadun ma da iska suke fita. Malaminmu ya ɗauka ganganci ne, ni ma a lokacin ban san da wani dalili ba, sai dai na yi ta maimaita Fatiha ana gyara mini.

A 2022 ne mahaɗar muƙamuƙina ta nan gaban kunne ta fara ciwo, in na buɗe baki sai ta yi ƙas, ga turmi ɗaya ya tsage. Na je asibiti da nufin a cire shi na huta. Likitar haƙorin ta leƙa, ta ce, "Malama, cije." Na ce, "Ai na cije, Likita." Ta ce, "Kullum haka kike cijewa?" Na ce tun da na san kaina. Ba ta cire haƙorin ba, cike shi ta yi, ta rubuta mini takarda zuwa sashen daidaita haƙora na wani asibitin koyarwa.

A can aka yi mini awo irin wanda ban taɓa gani ba. Hoto ɗaya injin ne ke zagaye kai ya fito da dukan haƙora a jere, ɗaya kuma daga gefe ake ɗauka, ya nuna ƙashin kai da yadda muƙamuƙan biyu suka zauna. Aka cika wani ɗan faranti da ƙulli mai laushi aka danna mini a baki har ya daskare, ina ta yunƙurin amai, daga nan aka zuba filasta aka fitar da siffar haƙorana sama da ƙasa. Likitan ya sa ɗan ma'auni ya ce tazarar da haƙoran ƙasa suka ba na sama milimita 4 ce. Ya ce tun 1899 wani likitan Amurka, Edward Angle, ya kasa yanayin cizo gida uku, nawa shi ne na uku, inda na ƙasa ke gaba. Sannan ya faɗi maganar da ta canza komai: matsalar tana cikin ƙashi. Muƙamuƙin sama bai girma yadda ya kamata ba, na ƙasa kuma ya zarce. Wayar da ake sawa a baki don daidaita haƙora, haƙori take turawa, ba ta rage tsawon ƙashin babban mutum.

Ya ba ni zaɓi biyu. Ko dai a cire wasu haƙoran ƙasa a tanƙwara sauran ciki don a ɓoye matsalar, wanda ya ce yana yi wa masu ƙaramar tazara amfani amma nawa ya wuce nan, ko kuma a sa waya na tsawon shekara ɗaya zuwa biyu, a yi tiyata a gyara zaman ƙashin, sannan a ci gaba da wayar wasu watanni. Ya ƙara da cewa da an kawo ni ina shekara 8 ko 9, akwai wani abu da yaro ke sawa a fuska, ya dafa goshi da haɓa, roba tana jan muƙamuƙin sama gaba tun ƙashi bai ƙosa ba, kuma wasu yaran yakan raba su da tiyata. Ita tiyatar kuwa ba a yin ta sai girma ya tsaya, mace wajen shekara 17 zuwa 18, namiji ya ɗan fi haka, don kada a gyara ƙashi ya ci gaba da tsawo.

Na fito asibitin da murna, wai ashe abin yana da magani. Kafin na kai gida murnar ta koma ciki, domin na san inda aikin yake.

Sunan Hajiya aka sa mini, saboda haka Baba ba ya kiran sunana. Da na gama yi masa bayani bayan sallar isha'i, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Uwata, wa ya ce miki ba ki da kyau?" Na ce, "Baba, ba maganar kyau ba ce, ba na iya tauna." Ya ce, "Shekara nawa kakanki ya yi yana cin tuwo da wannan haɓar?" Umma ita tsoronta ɗaya ne, kada a sa ni barci na ƙi tashi. Gwaggo kuwa da labari ya kai mata, takanas ta zo, ko mayafi ba ta cire ba ta ce wannan canza halittar Allah ne, kuma Annabi ya tsine wa masu taɓa haƙoransu. Hajiya ce kaɗai ta mai da abin wasa, ta ce, "Takwara, haɓar mijina ce za ki kai a yanke? To ki ce su naɗo mini guntun na ajiye."

Maganar Gwaggo ta tsaya mini a rai, don ba ƙirƙira ta yi ba. Hadisin yana nan a Bukhari da Muslim daga Ibn Mas'ud, kan mata masu goge haƙora su yi wa kansu wushirya don ado, masu canza halittar Allah. Ban so na shiga ɗakin tiyata da wannan a zuciyata ba, sai na roƙi Yaya ya raka ni wajen malamin da Baba ya fi amincewa da shi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga halin da nake ciki," na zayyana masa komai, har da batun fa'un. Ya ce na kula da lafazin hadisin, an ce "don ado". Ya ce malamai sun bambanta tsakanin mai lafiyayyen haƙori da ta taɓa shi don ƙarin kyau, da mai lahani da ke neman a kawar masa da cuta. Ya kawo ƙissar Arfaja ɗan As'ad, sahabin da aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ya ce in likitoci amintattu sun tabbatar da lahani ne, kuma amfanin aikin ya rinjayi haɗarinsa, neman magani ne. Yaya ya maimaita wa Baba wannan kalma da kalma. Baba ya ce ya ji, amma bai ce e ba.

Abin da ya sauko da shi ba hujja ba ce. Watanni bayan haka na samu ya yarda ya bi ni asibiti, ya rufe shagonsa na Kantin Kwari da hantsi yana ta mita. Likita bai yi dogon turanci ba. Ya ɗauko siffar haƙoran nan ta filasta ya miƙa masa, ya ce, "Alhaji, ku haɗa mini su yadda za su zauna daidai." Baba ya ɗora ta sama a kan ta ƙasa, ta yi rawa. Ya juya, ya matsa gefe, ya sake ɗorawa. In baya ya zauna gaba ya buɗe, in ya tura ta sama gaba don haƙoran gaba su haɗu, sai na baya su saɓa. Ya ciro tabarau ya sa, ya sake gwadawa, ya ɗaga su saitin taga yana leƙa filin da ke tsakani. Sai ya juyo ya dube ni, ya ce, "Uwata, da wannan kike cin abinci duk shekarun nan?" Na ce e. A hanyar komawa gida, a cikin A Daidaita Sahu, ya tambaye ni nawa aka ce kuɗin farko.

Batun aure zan taƙaita shi. Akwai mai nemana, kuma likita ya gaya mini ƙarara cewa ba a haɗa wannan tiyata da juna biyu, saboda haka aka ɗage magana sai bayan aiki. Mai neman nawa ya ce zai jira, yana kuma jira. Mahaifiyarsa ta aiko a tambaya ko in an yi aikin 'ya'ya ba za su ɗauko ba. Na ce a gaya mata gaskiya: ƙashina za a gyara, abin da ke cikin jini yana nan, ɗa zai iya ɗaukowa, zai iya ƙin ɗaukowa.

Na zaci da an amince sai sa waya. Ashe ba a ɗora waya a kan baki mai datti. Sai da aka wanke mini haƙora aka kankare duk abin da ya daskare a gindinsu, aka cike masu rami, aka jira dasashina ya daina jini. Sannan aka cire turamen nan na can ƙurya da ke fitowa bayan mutum ya girma, domin a daidai wurinsu ake tsaga ƙashin ƙasa ranar tiyata, kuma ana so ramin ya cike da ƙashi tun da sauran watanni.

Sa wayar kanta ba zafi. Ana manna ɗan ƙarfe a kan kowane haƙori da wani gam da ake haska wa shuɗiyar fitila ya bushe, a zura siririyar waya a tsakaninsu, a ɗaure da ƙananan robobi. Sai da dare abin ya taso. Kowane haƙori ya riƙa tsami, ko burodi na jiƙa a shayi sai na runtse ido. Kwanakin farko koko da kunu suka riƙe ni, da farasitamol. Haka kuma yake dawowa duk sanda aka canza waya, kusan kowane wata ɗaya zuwa biyu, sai dai yana raguwa. Likita ya ce tsamin alamar aiki ne: in aka matsa wa haƙori a hankali, ƙashin da ke gabansa yana narkewa, wani sabo yana ginuwa a bayansa, da haka yake tafiya, wajen milimita ɗaya a wata. Ba a gaggauta shi, in aka matsa da yawa saiwar haƙorin ce ke lalacewa. Ƙarafan sun yi ta gurje mini cikin kumatu har na saba da ɗan kakin da ake bayarwa a liƙa a kansu, da kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Da hunturu kuma leɓe ya riƙa tsagewa yana maƙalewa a ƙarfe, man kaɗanya ya zama abokin tafiya.

An raba ni da aya, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da cingam, da guringuntsi. Dabinon buɗa baki sai na cire ƙwallon na jiƙa shi ya yi laushi. Aswaki ma na ajiye shi, sai dai na goga a harshe da cikin haƙora inda babu ƙarfe, domin yana iya ɓalle abin da aka manna. Duk abin da na ci sai na wanke baki, da buroshi da wani ɗan siriri mai shiga ƙarƙashin waya, in ba haka ba ranar da aka cire sai a tarar da fararen tabo zagaye da inda ƙarfe ya zauna, kuma ba sa gogewa. Miyar kuka da zogale ba su da amana ga mai waya, ko da yaushe da ɗan madubi a jakata.

Yanzu ga abin da nake so duk mai shirin wannan hanya ya sani, ya kuma gaya wa mutanen gidansu tun da wuri. Kafin tiyata, wayar ƙara fito da matsalar take yi. An gaya mini, na ce na gane, amma da na gani a madubi sai da gabana ya faɗi. Dalili shi ne, tun ina yarinya haƙorana suke ta ƙoƙarin haɗuwa da kansu: na sama sun karkata waje, na ƙasa sun kwanta ciki. Wannan karkatar ita ta ɓoye ainihin tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan. Aikin wayar shi ne ta miƙar da kowane haƙori ya tsaya daidai a kan ƙashinsa, don in an matsar da ƙashin su dace da juna. Da yake ni tela ce sai na fahimce shi da sana'ata: rigar da aka yanka a karkace, aka bi ta da tattara da ninki don kada a gane, ba ta gyaruwa sai an farke duk wannan dabarar an shimfiɗa yadin, kuma a ranar da aka farke ta fi kowace rana muni. Tazarata ta tashi daga milimita 4 ta kai 8. Leɓen ƙasa ya ƙara turowa, maganata ta ƙara cika da iska, taliya ma sai na yanka ta da cokali. Wata mai kawo mini ɗinki ta ƙare mini kallo ta ce, "Ke kuwa kuɗi kika biya aka ƙara ɓata miki baki?" Gwaggo ba ta ce komai ba, kallon da take yi wa Baba ya isa. A wannan tsakanin ne mutum ke iya cewa a cire masa ya haƙura, alhali wanda ya tsaya a nan ya fi wanda bai fara ba asara.

Bari na ɗan ratse. Ina ganin 'yan mata yanzu suna sa wayar haƙori ta gayu, wadda ake tallatawa a Instagram, wani ko wata da ba likita ba ya manna musu a shago. Har tambayata ake yi a ina na sa tawa, wai ta yi kyau. Wallahi abin yana ba ni takaici. Wayar da aka manna tana tura haƙori ko da wasa aka sa ta, kuma ba ta san inda ya kamata ta kai shi ba. Lafiyayyen baki ne ake kai wa cuta da kuɗin mutum.

Kuɗi kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Na shiga adashi biyu, ɗinkin sallah na shekarun nan duk a nan ya tafi, Baba da Yaya suka ɗauki wani kaso. Muna cikin tarawa aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, kuma kusan duk abin da ake sa wa a bakin nan daga waje yake zuwa, tun daga wayar har ƙarafan da za a ɗaure ƙashi da su. Lissafin da aka yi mana da farko ya tashi daga aiki. Wanda zai fara, ya nemi a rubuta masa komai dalla-dalla: kuɗin waya da na zuwa duba ta, hotuna, gwajin jini, ɗakin tiyata, ƙarafa, gado, magunguna, da abin riƙe haƙora da ake sawa bayan an cire waya. Ya kuma tambaya tun ranar farko ko likitan wayar yana aiki tare da likitan tiyatar. Mutum biyu ne ke tuƙa wannan mota, in ba su zauna sun tsara tare ba, ana iya tura haƙora inda mai tiyata ba ya so.

Da haƙoran suka miƙe aka koma waya mai kauri, aka sake hotuna da sabuwar siffa, sai aka haɗa ni da likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi. Na shiga da tambayoyina a rubuce a bayan littafin awon kwastomomi. Ya ce duka biyun za a taɓa. Na sama za a yanka shi a kwance, sama da saiwoyin haƙora, a jawo shi gaba milimita 6. Wannan yankan sunan wani likitan Faransa yake ɗauke da shi, René Le Fort, wanda a 1901 ya bayyana layukan da ƙashin fuska ya fi karyewa ta kansu. Na ƙasa kuma za a tsaga shi ta tsawo a gefe biyu, a zame shi baya milimita 4, dabarar da Hugo Obwegeser da malaminsa Richard Trauner suka wallafa a 1957. Na ce me ya sa ba za a mai da na ƙasan baya gaba ɗaya a huta ba? Ya ce harshe a jikinsa yake, in aka tura shi baya da yawa hanyar numfashi tana matsewa, mutum ya koma minshari da shaƙewa cikin barci, ga shi kuma rabin laifin na sama ne.

Duk ta cikin baki ake yi, ba a tsaga fatar fuska, in ma an yi to ɗan ƙaramin huji ne a kumatu. Ana ɗaure ƙashin da ƙananan faranta da ƙusoshi masu murɗawa na ƙarfen taitaniyam, kuma yawanci a nan suke zama har abada. Saboda su ne ba a cika ɗinke baki da waya na makonni kamar da ba, robobi ake sawa su riƙe cizon. Ta hanci za a zura bututun numfashi, tunda bakin ne wurin aiki. An riga an gwada tiyatar a kan siffar haƙorana, an yi wata 'yar roba mai tauri da za a sa tsakanin haƙora a ɗakin tiyata ta nuna inda kowane ƙashi zai tsaya.

Bai ɓoye mini komai ba, kuma na gode masa da hakan, ko da yake daren ranar ban yi barcin kirki ba. Akwai jijiya da ta ratsa cikin ƙashin ƙasa, ita ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi. Kusan kowa yakan tashi wurin a mace, yawanci ji yana dawowa cikin watanni, amma akwai wanda wani yanki ba ya dawo masa har abada. Akwai zubar jini, akwai shigar ƙwayar cuta, akwai yiwuwar ƙashi ya ɗan koma inda ya fito. Hanci yana iya ɗan faɗi, leɓen sama ya ciko. Kumburi ya fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, mafi yawansa ya sauka cikin makonni, ragowar ya ɗauki watanni. Ba face majina na wasu makonni, ba tauna sai ƙashi ya kama, wajen mako 6. Na tambaye shi sujada, ya ce kwanakin farko kada na sunkuyar da kai ƙasa. Na koma wajen Malam, ya karanto mini hadisin Imrana ɗan Husaini: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. An tsara aikin ya faɗo bayan Babbar Sallah, don kada ya haɗu da azumi, kuma don na samu na sallami ɗinkin mutane.

Abin da ban zata zai dame ni ba shi ne fuskar kanta. Shekara da shekaru ina kauce wa a ɗauke ni hoto ta gefe, yanzu da aka kusa sai na tsinci kaina ina tunanin wace ce za ta fito daga ɗakin. Ƙanwata ta ce sai na sake hoton katin ɗan ƙasa, in ba haka ba banki za su ce ba ni ba ce. Hajiya ta sa an ɗauke mu hoto ni da ita a ƙarƙashin hoton Malam kakana, ta ce dole na juya gefe, don jikokina su san daga inda aka fito. Da na karanta mata a waya cewa gidan sarautar Habsburg na Turai ma da irin wannan haɓa aka san su, har Sarki Charles na Biyu na Sifen da ya rasu a 1700 an ce da ƙyar yake tauna, sai ta ce ai dama ta san jinin sarauta ta aura.

Gida yanzu ya koma wurin shiri. An duba jinina da rukuninsa, an tabbatar ba ni da sikila, an ba ni maganin ƙarin jini, yayyena biyu sun je an gwada su don su bayar in an buƙata. An ce na ƙara ƙiba kaɗan, tunda kusan kowa yana ramewa bayan aikin, wannan umarni ne da ban yi gardama da shi ba. Umma, wadda ta fi kowa tsoro, ita ta karɓi ragamar abinci. Ta sayi manyan sirinji da ɗan bututu na shan ruwa-ruwa, da ƙaramin cokali irin na jarirai, da buroshin yara mai laushi. Da yake wuta ba ta da tabbas, ba ta dogara da bilenda kaɗai ba, ta tanadi rariya mai laushi da ƙyallen tata. Tana ta gwaji a kaina: kunun gyaɗa da madara, romon kaza da aka dama da dankali, wake da aka cire wa ɓawo aka dafa ya narke, fura da nono a dama a tace, ayaba da yogot. Ma'aikaciyar jinya ta gargaɗe mu kada a dogara da koko da shayi, ƙashi ba ya haɗewa da ruwan gero zalla, sai da ƙwai da madara da wake da nama ko da a markaɗe ne. Na gwada shan romo da sirinji, rabi ya tafi a zanina. An tara matasan kai don na riƙa kwana a jingine, an nemo ɗan allo da alli saboda kwanakin da magana za ta yi wuya.

'Yar Yaya mai shekara 7 ta fara nuna alamar haɓar. Likitocin daidaita haƙora suna son a fara duba yaro a daidai wannan shekarun, saboda haka na ce a kai ta. Wannan karon ba a yi taron dangi ba, Baba da kansa ya ce a sa mata rana.

A zuwana na ƙarshe an ɗaura wa wayar ƙananan ƙugiyoyi inda robobin za su maƙale, suna ta kama mini leɓe. Saura ganin likitan da ke sa barci, da sa hannu a takarda. Masu kaya a wajena, don Allah ku zo ku karɓa kafin sallah, kuma ba na karɓar sabon ɗinki sai Likita ya ce na koma kan keke. Wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, Allah ya sa a yi a sa'a, ya ba likitocin nasara, ya kwantar wa Umma da hankali.